Bel Ɗin Da Na Rataye a Ƙusa

Argungu,
ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ki buɗe wagga takarda kina cikin ƙoshin lafiya, kin sauka Birnin Kebbi lami lafiya, ke da kayanki. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki, ya raba ki da sharrin hanya da na baki. Ko a takarda kin ga hannuna ya ƙi rubuta sunanki na yanka. Sunan mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta, don haka Uwata kike a baki, Uwata kike a rubuce.

Innarki ce za ta cusa takardar nan a jakarki, ƙarƙashin ƙullin yaji da busasshen kifi. Tun jiya take share hawaye da bakin zane kamar za a kai mata ɗiya bangon duniya, alhali tafiyar awa guda ce a mota. Na yi mata dariya, ta ce ai ni ma tun safe nake shiga ɗaki ina fita, ba abin da na ɗauko. Ta fi ni gaskiya. Amma wallahi farin ciki ya fi yawa a raina. Ɗiyar mai injin casa guda ɗaya tal a rumfar kwano, yau ita anka damƙa wa makullin sito a babban kamfanin casar shinkafa. Alhamdu lillahi, ba ni da abin cewa sai godiya.

Da na tambaye ki abin da ke cikin siton, kinka lissafo mini su boris, su rariya, su noti, can a ƙarshe kinka ce da bel, kina taɓe baki kamar kin ce da tsintsiya. To a kan wanga bel ɗin nake son mu yi magana. Na zaɓi takarda ne don in na fara da baki dariya za ki yi, ki ce Baba ya soma. Ku 'yan makarantar fasaha a littafi kunka san shi. Ni kuwa bel ya raba ni da aminina shekara bakwai cur, ko gaisawa ba ma yi. Kuma aminin nan ba wani ba ne, Baba Garba ne, wanda yau za ki sauka gidansa a Gwadangaji, nan gefen Birnin Kebbi. Kina goye abin ya faru, ba wanda ya taɓa gaya miki, shi kuma na san halinsa, har abada ba zai faɗa ba. Bai kamata ki ci tuwon gidan mutum ba ki san abin da ubanki ya yi masa ba.

Ni da Garba unguwa ɗaya munka tashi, tare munka koyi iyo, tare munka sha bulalar malam. Gidanmu kin sani gidan masunta ne, kakanki bai san wata sana'a ba sai ruwa. Ni ne na fara juya wa kogi baya, don tun ina ƙarami in na ji ƙarar inji sai in saki abin da ke hannuna in bi. Garba kuwa ya koma Birnin Kebbi ya buɗe shagon kayan inji kusa da tasha. Shi ya karɓa mini auren innarki. Ranar da na kafa injin casa, rufe shagonsa ya yi ya zo, munka wuni muna ɗaure-ɗaure, ya kuma taho mini da kwali guda na bel, wanda za a sa wa injin da waɗanda za a ajiye. Da zai tafi, ƙafarsa ɗaya a mota, ya ce in bar su cikin kwalinsu a inuwa, kada in rataye su a ƙusa. Na ce to. Irin to ɗin nan da kike ce wa innarki in ta ce ki ajiye waya ki ci abinci.

Motar ba ta bar gari ba na ɗauko guduma. A gidanmu komai ratayewa ake yi, homar kamun kifi a rataye, igiya a rataye, gora a rataye, abin da anka bari a ƙasa na ɓera ne. Na kafa wata doguwar ƙusa a bangon rumfa, daidai ƙarƙashin kwano, na zaro bel ɗin daga kwali ko ƙirgawa ban yi ba, na jera su a kanta. Innarki ta ɗauke kwalin ta ce za ta zuba tsummokaranki. Na ja da baya na duba bangon, kai, ya yi kyau! Duk wanda ya leƙo ya san mai injin nan a shirye yake. A raina na ce Garba ya cika tsirfa, zaman birni ne ya sa shi haka.

Abin da ban sani ba shi ne, bel a ido roba ce kawai, amma a cikinsa akwai zare a jere, wanga zaren shi ne ƙarfinsa. In kin rataye shi a siririn abu, duk nauyinsa a wuri guda yake sauka. Yau da gobe, ga zafin kwano, sai wurin ya tanƙware ya zauna a haka, zaren ciki ya gaji. Ranar da za ki ɗora shi a inji, duk zagayen da zai yi sai tanƙwararren wurin nan ya bugi fuli, wato ƙarfen da yake juyawa a kai, har ya tsage daga nan. Don haka, Uwata, in kin shiga siton nan kinka ga bel a ƙusa ko a ƙugiya ko a sandar rodi, ki sauke shi a ranar, ko wa ya rataye. In dole sai an rataye, a samo abu mai faɗi da bai gaza fulin da zai hau ba. Ni yanzu kin ga abin da nake yi, guntayen bututun ban ruwa nake yankawa in kafe a bango, ko babban gwangwanin madara. Dogaye masu nauyi kuwa ba a rataye su sam. A naɗe su kamar gammo, a bi yadda shi kansa yake son naɗuwa, kada a murɗe shi ta baya, a kwantar a kan kanta. Kuma kada ki yarda a shaƙe shi da waya ko igiya wai don ya yi kyan gani, inda anka ɗaure nan zai fara mutuwa.

Da ƙusar kaɗai ce da sauƙi. Daminar shekarar nan ruwa ya yi yawa, kogi ya tumbatsa, ya shigo rumfar har ƙwauri. Da ya janye, bango ya jiƙe sharkaf, na ga bel ɗin sun yi fari-fari da fumfuna. To ɗan masunci in ya ga abu ya jiƙe, me ya sani? Shanya. Na wanke su tas da sabulu, na cilla su bisa kwanon rumfa kamar yadda muke baza taru. Na ce gobe in sauke, aikin kwashe laka ya ɗauke mini hankali, sai da sunka yi kwana bakwai suna gasuwa. Da na sauko da su sun yi tauri, sun yi fururu. Nan ma ban tsaya ba. Na tuna yadda kakanki ke shafa wa fata mai in ta bushe, sai na ɗebo baƙin mai a gwangwani na bi su ɗaya bayan ɗaya na mulke. Sunka yi laushi, sunka yi sheƙi, na mai da su ƙusarsu. Har kiran innarki na yi ta zo ta ga dabara. Ta duba ta ce ita dai wari take ji.

Yanzu in na tuna dariya nake yi, amma ki riƙe wannan da kyau. Rana tana cinye roba, mai yana narkar da ita daga ciki, ni kuma na haɗa musu duka biyun da hannuna. Bel in ya jiƙe, busasshen tsumma za a sa a goge, a bar shi a inuwa inda iska ke ratsawa, shi ke nan. Kada ya kusanci baƙin mai, ko man gas, ko fetur, ko takin zamani, ko maganin feshi. Kada ya zauna gindin taga inda rana ke leƙowa, ko dab da kwano, ko kusa da janareta da wurin walda da manyan injinan lantarki, iskar wurin kanta tsattsaga roba take yi. Ƙasa ma ba wurinsa ba ne, kin san ƙasarmu ta fadama, ko da rani sanyi take fitarwa. Kanta mai tsawo a ɗaki mai sanyi, cikin kwalinsa in da hali, kuma kada a kinkimo wani ƙarfe a ɗora a kai don an ga wuri. Masu aiki za su ce kin cika fi'ili, yarinya ƙarama da iyayi. Ki ce musu e, gado kinka yi.

Akwai ƙananan kurakurai da na yi ta yi daga baya, bari in zuba miki su a nan kafin in manta. Na sha ɗauko sabon da ke gaba in bar tsohon da ke baya yana tsufa a banza, alhali wanda ya riga zuwa shi ya kamata ya riga fita. Ki rubuta wa kowane kwali ranar shigowarsa. Na taɓa raba waɗanda anka kawo a haɗe, masu aiki bibbiyu a fuli ɗaya, na gama sabo da tsoho, sabon ya ɗauki aikin shi kaɗai ya mutu da wuri. In sun zo tare, tare za su zauna, tare za su hau. Sannan in inji zai daɗe a tsaye, a sassauta masa bel. Ni a waccan daminar a ɗaure tamau na bar wanda ke kan injin, wata huɗu yana miƙe a wuri guda, ban ko juya shi ba.

Sai kaka ta zo. A lokacin akwai Inna Tumba, ba ki san ta ba, ita ce shugabar matan da ke turara shinkafa a unguwarmu. Tsohuwa ce mai kaifin baki, amma in ta yarda da mutum ta yarda ke nan. Ita ta jawo mini matan nan duka, tana ce musu yaron nan ba ya ha'inci, mudunku ba zai yi ƙafa a wurinsa ba. Ran nan jajibirin kasuwa, buhunan shanshera, shinkafar da ba a casa ba, sun cika rumfa har waje, mata zaune a inuwa suna jiran layi. Na ta da inji, ko buhu uku ban gama ba bel ya tsinke fat. Ban damu ba, har murmushi na yi, na nuna musu bango na ce ga 'yan'uwansa nan. Na sauko da ɗaya na ɗora. Tun daga tashin farko na ji ba daidai ba, injin yana wani gaf, gaf, gaf, rumfa tana rawa. Kafin azahar ya rabu biyu. Na sa na biyu, shi santsi ya dinga yi yana hayaƙi, har ya saɓule ya yi waje. Na uku ko awa bai yi ba.

Uwata, ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba. Matan nan sun kwana biyu suna turara suna shanya, gobe kasuwa, ga shinkafa ba casa. Ɗaya bayan ɗaya sunka kira masu kura sunka kwashe buhunansu zuwa wani injin a can gefen gari, inda sai sun bi bayan layin wasu. Inna Tumba ce ta ƙarshe. Ta tsaya a kaina ta tambaye ni wa ya sayar mini da wagga shara. A nan ne ya kamata in yi shiru in yi tunani. Amma mai jin kunya neman inda zai sauke ta yake yi, sai na ji bakina ya ce Garba.

Washegari na tattara guntayen a buhu na shiga motar Birnin Kebbi. Duk tsawon hanya ina hura wa kaina wuta, kafin mu isa idona ya rufe. Na tarar da shagon cike da manoman Zauro, noman rani ya matso, kowa na neman kayan injin ban ruwa. Ko sallama ban yi ba, na zazzage buhun a kan teburinsa.

Na ce, "Garba, ashe har ni za ka sayar wa jabu?"

Garba ya sunkuya kan teburin. Ya ɗauki guntu ɗaya, ya bi shi da babban yatsa a hankali, ya tsaya a wani wuri, ya kai shi hanci ya sansana. Sannan ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

Ya ce, "Umaru, shigo ciki ka sha ruwa, mu yi magana."

Na ce ba inda za ni, abin da zai faɗa ya faɗa gaban jama'a, ai gaban jama'a anka kunyata ni. Na faɗi maganganu da ba zan maimaita miki ba, har da cewa birni ya koya masa cin amana. Bai rama ko ɗaya ba. Ya ajiye guntun ya ce Allah ya huci zuciyata. Ni kuwa na ɗauki shirun nan a matsayin rashin gaskiya, na fito ina ganin na yi nasara. Na ga mutum biyu sun ajiye abin da sunka ɗauka sun bi bayana.

Ban bar shi a nan ba, wannan shi ne ya fi muni. Na dawo Argungu, duk mai injin da na gamu da shi, na casa ne ko na niƙa ko na ban ruwa, sai na ba shi labari. Inna Tumba ta ɗauka ta kai inda ni ban kai ba, gidan suna, gidan biki, bakin rijiya. Mutanen garinmu da ke tsallake shaguna goma su je nasa don ɗan gida ne, sunka daina. Sau biyu ya aiko a ce in zo mu zauna, na ce ba ni da lokaci. Sau ɗaya ya zo da kansa, na hango shi daga nesa na zame ta bayan rumfa. Daga nan bai ƙara ba.

Ga abin da nake son ki ɗauka a nan. A kamfani irin naku, ranar da bel ya tsinke aiki ya tsaya, manya za su taru a kanki, kowa na neman wanda za a ce shi ne. Mafi sauƙi a ce mai kawo kaya ne ya kawo maras kyau, don ba ya wurin balle ya kare kansa. Ko a ce makaniki ne bai iya ɗorawa ba. Kafin ki buɗe baki a kan kowa, ki koma sitonki ki duba inda abin ya zauna, wata nawa ya yi, me ke kusa da shi. Ki ɗauki guntun ki duba da kyau, zai nuna miki abin da ya kashe shi. In kuma an kira ki gefe an ce a yi magana a ciki, ki shiga, ba a kiran mutum ciki don a cuce shi.

Bayan shekara biyu, wata ranar kaka bel ya sake tsinke mini, ba ni da wani a ajiye. Ina tsaye ina tsaki, sai ga innarki da abu a hannu. Wai tana kakkaɓe kwalin tsummokaranki ne da ke ƙarƙashin gado, ta gan shi a can ƙasa, naɗe cikin takardarsa. Ashe ranar da na zaro su na bar ɗaya. Kwali ɗaya, kamfani ɗaya, rana ɗaya Garba ya kawo su. Na ce mata ai jabu ne, amma bari in sa ya kai ni yamma. Uwata, bel ɗin nan sai da ya yi mini kaka biyu da rani guda, ko gaf ɗaya bai taɓa yi ba. Tun a makon farko jikina ya yi sanyi. Na ɗago kai na dubi ƙusar nan a bango, na tuna kwano, na tuna baƙin mai, na tuna mutum da ƙafa ɗaya a mota yana gaya mini. Ran nan da kaina na sa filaya na zare ƙusar.

Kina tsammani washegari na tafi na ba shi haƙuri ko? Haka mai hankali zai yi. Ni sai da na ƙara shekara biyar. Kullum ina da dalili, yau aiki ya yi yawa, gobe bari a gama girbi, jibi ai ya manta, me zai sa in tono. Gaskiyar ita ce girman kai ne da tsoron haɗa ido, ba wani abu ba. Innarki ta yi magana har ta gaji. Wata rana tana miƙo mini tuwo ta ce ita mamaki take, mutum ya iya zare ƙusa daga bango ya kasa hawa mota. Na yi fushi na ƙi cin tuwon, da yunwa ta ci ni na dawo na cinye shi da sanyinsa.

Abin da ya kai ni a ƙarshe rasuwar mahaifiyarsa ce. Matar nan ta ciyar da ni ba adadi muna yara, ba yadda za a yi in ƙi zuwa ta'aziyya. Na je Gwadangaji na raɓe can ƙarshen tabarma, ina fatan in yi addu'a in sulale. Yana ganina ya matsa ya buɗe mini wuri kusa da shi, kamar jiya munka rabu. Bayan la'asar mutane sun ragu, na ga in ban faɗa yanzu ba, ba zan taɓa faɗa ba.

Na ce, "Garba, bel ɗin nan ba jabu ba ne. Ni na kashe su da hannuna."

Ya ce, "Na sani."

Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun ranar, ga sawun ƙusa ƙiri-ƙiri a jikin robar, ga warin baƙin mai har cikin kansa. Na ce to don Allah me ya hana shi faɗa, ya tsaya ina zaginsa gaban abokan cinikinsa?

Ya ce, "In na faɗa a wurin, kafin ka isa gida labari ya riga ka, a ce mai injin bai san aikinsa ba. Wa zai ƙara kawo maka shinkafa? Ni ina da sauran kaya a shago. Kai inji ɗaya gare ka, ga jaririya a goye."

Jaririyar nan ke ce. Na sunkuyar da kai, hawaye sunka zubo mini a gaban mutane, sunka ɗauka kukan mamaciya nake yi. Shi kuwa ya dafa gwiwata ya ce in bari haka nan, abin ya wuce, in tashi mu ci abinci kafin mota ta ƙare.

Ya ce ba sai na gaya wa kowa ba, amma ban ji wannan ba. Na dawo na bi masu inji ɗaya ɗaya, duk wanda na tuna na ba shi labarin farko, na ba shi na biyu. Na tara matan a rumfa na faɗa musu da bakina, sunka yi mini dariya son ransu, har yau wasunsu mai shanyar bel suke kirana, kin sha ji ba ki san mafari ba. Da yawa sun koma shagonsa. Amma Inna Tumba ta riga ta rasu shekara biyu kafin nan. Har ta bar duniya in an ambaci sunan Garba sai ta kau da kai ta ce Allah ya isa, kuma don ta yarda da ni ne. Masu rai na same su. Ita ban same ta ba, kuma ba ita kaɗai ba ce. Shekara biyar ɗin nan da na zauna ina sane, su ne har yau ke ci mini rai, fiye da zagin kansa. In laifin naki ne, ki faɗa a ranar da kinka gane, ko murya na rawa.

Ban rubuta wannan don in ɓata miki ranar farin ciki ba. Ni yau alhamdu lillahi, raina fari ƙal. Injina na juyawa, aminina ya dawo mini, duk Juma'ar da na shiga Birnin Kebbi kwano ɗaya muke ci, ga shi Allah ya nuna mini ranar da ɗiyata za ta riƙe abin da ya fi nawa sau ɗari. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki taya Gwaggo Kulu, matar Baba Garba, aikin gida ko ta ce ki bari, za ta ce, kada ki bari. In za ki hau keke mai ƙafa uku zuwa aiki ki fita da wuri, ban da gaban direba. Ki kira innarki kullum ko minti ɗaya ne, in ba haka ba ni za ta hana sakat.

Allah ya tsare mini ke a hanya da wurin aiki da makwanci. Allah ya sa albarka a hannunki, ya ba ki shugabanni masu adalci da abokan aiki masu amana, ya kare ki daga zaluntar wani, ya kare wani daga zaluntarki. Allah ya dawo mana da ke lafiya duk lokacin da kinka taso. Innarki na gaishe ki, ƙannenki na gaishe ki, har sun fara faɗa a kan katifarki.

Ki gaishe mini da Gwaggo Kulu da yara. Baba Garba kuwa, kada ki nuna masa kin san komai, ba zai ji daɗi ba. In dai kin durƙusa gaishe shi, ki ɗan ƙara jimawa a ƙasa kafin ki tashi, rabin gaisuwar tawa ce.

Wassalam.

Naki har kullum,
Babanki, Umaru mai inji.